Wutar da Ban Hura Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da kowane gida da ke nan.

Sunana Bulus. Masunci ne ni, ina kuma noman wake, a tungarmu ta bakin tafki kusa da Wara. Yawancinku kun fi sanina da mijin Rahila mai banda. Fasto ya ce in tsaya in faɗi abin da Allah ya yi mini, sai na roƙe shi ya bari in rubuta tukuna, domin in da baki ne kawai zan tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Hannuna ba ya sauri, amma na rubuta duka.

Na yi ciwo, na kuma koma shan burukutu, Allah ya raba ni da su. Amma su 'ya'ya ne. Uwarsu ita ce wata magana da na riƙe a bakina shekara ɗaya da rabi, matata tana shan wahalarta.

Akwai baƙi a cikinmu daga Yelwa da Shanga, bari in faɗi yadda aikin banda yake. In an kyafe kifi ya bushe, ba a gama da shi ba. Muddin yana jiran ranar kasuwa, sai an riƙa hura masa ƙaramar wuta bayan kwana biyu ko uku, a jujjuya shi. In ba a yi ba, wasu baƙaƙen ƙwari za su shiga su cinye naman ta ciki, su bar fata da gari.

Matan tungarmu kuma kowacce tana ɗaura ƙyallen tsohon zanenta a bakin kwandonta. Fataken da ke zuwa daga kudu ba su san sunayensu ba, ƙyalle suka sani. Na Rahila kore ne. Akwai Hajiya Kulu, 'yar kasuwa daga Yelwa mai sayen banda tana turawa kudu. Kowane kwando sai ta zazzage shi ta shinshina, amma in ta ga koren ƙyalle ba ta ko buɗewa. Wannan suna Rahila ta shekara goma sha wani abu tana gina shi a cikin hayaƙi.

Da daminar da ta biyo bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, aka aiko cewa innar Rahila ba ta da lafiya a wajen Shanga. Lokacin tana da tarwaɗa cike da banda, kamar kwando uku. Ɗaya ta yi alkawarinsa ga taron matan zumunta na yankinmu, wanda ikilisiyarmu za ta karɓa bayan mako biyu. Tana ɗaura kaya tana yi mini bayani.

"Baban Hannatu, jibi da safe ka hura wuta. Ba mai harshe ba, hayaƙi kawai. Ka juya su ɗaya-ɗaya. Bayan kwana biyu ka sake."

Na ce, "Na ji."

"Ka ji, ko ka dai ce ka ji?"

"Ke dai tafi, jirgi zai bar ki."

Ta ce kwana huɗu za ta yi. Sai ta yi tara, domin jikin tsohuwar ya tsananta.

Ranar farko na hura wutar. Ina durƙushe ina juya kifi, sai ga abokan kamun kifina sun taso daga ruwa. Ɗaya ya tsaya ya ce, "Bulus, yaushe aka ɗaura maka zane ba a gayyace mu ba?" Wani ya ce, "In ka ƙare wanga ka zo gidana, akwai dawa da ke jiran daka." Na yi dariya tare da su. Amma da suka wuce sai kunya ta kama ni. Ban sake hura wutar nan ba. Kowace safiya in ce gobe, da sassafe kafin mutane su fito, kowace safiya kuma in ɗauki koma, ragar kamun kifina, in wuce.

A rana ta bakwai na ɗaga kifi ɗaya, sai gari ya zubo daga kunnensa. Ƙwari sun fara shiga.

Ina da kwalbar maganin feshi da nake yi wa wake. Na taɓa ganin wasu a wata tunga suna yayyafa irinsa a kan busasshen kifi. Na tsiyaya a kwano, na ƙara ruwa, na tsoma tsintsiya na yayyafa wa kifin nan duka. Na shanya su a rana, da yamma na ɗan ba su hayaƙi don warin ya ɓace. Ƙwarin suka mutu.

Lokacin ban iya karatu ba, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. A jikin kwalbar akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Na gan shi, na kuma san ba don ado aka sa shi ba. Na dai ce wa kaina ɗan kaɗan ne, rana za ta cinye.

Rahila ta dawo da mura, ruwan sama ya dake ta a jirgi, hancinta a toshe. Da lafiyarta ƙalau ce da tun daga ƙofar gida za ta ji warin maganin. Ta ɗaga kifi biyu uku ta duba, ta ce, "Ashe ka iya. Ko ƙwaro ɗaya babu." Na ce, "To, mi kika ɗauke ni?"

Ranar taro aka yi miya da kwando guda. Kafin la'asar mata suka fara amai, wasu jiri, wasu yawu na zuba, ido ya ƙanƙance. Aka yi ta ɗaukarsu zuwa asibitin Wara. Wadda abin ya fi kamawa ita ce Inna Saratu, shugabar matan zumuntarmu, gwauruwa ce mai shekaru, ita aka zuba wa kawunan kifin saboda girmamawa. Sai da aka wuce da ita Yelwa, ta yi mako uku a kwance. Allah ya sa ba wanda ya mutu. Amma tun daga ranar hannunta na hagu yake rawa, har yau da kuke ganinta zaune a can.

Rahila kuwa tana ta rabon abinci, ba ta samu ta zauna ta ci ba. Wannan shi mutane suka riƙe. "Mai kifin ba ta ci ba." Wasu suka ce ruɓaɓɓen kifi ta kyafe. Wasu suka ce ba kifin ba ne, hannun ne. Kun san abin da ake nufi in an ce hannun mace ne, zargin maita ke nan.

Washegari na kai kwalbar gonar wake na binne ta a gindin wata ƙirya. Rahila da kanta ta haƙa rami ta zuba sauran kwando biyun. Ta kwance koren ƙyallenta, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati. Bandar ta huce, kaji suka riƙa kwana a ciki.

Bayan kamar mako guda ta tambaye ni, "Baban Hannatu, kai ne ka zauna da su. Ka ga wani abin da na yi ba daidai ba? Ko ban bar su sun bushe ba kafin in tafi?"

Na ce, "Wa ya sani. Wataƙila tun wajen gyara ne wani ya lalace."

Wannan ita ce ƙaryar da na ɗora a kan laifin, ta kuma fi laifin muni. Domin Rahila ta gaskata. Ba ta damu da masu cewa hannu ba, ta san ba ta da wannan. Abin da ya karya ta shi ne tunanin cewa ita, da duk saninta, ta yi kuskuren da ya kusa kashe mutane, kuma ba ta san ko wane kuskure ba ne.

Daga nan ta daina yarda da hancinta da harshenta. Duk abin da ta dafa, ko kunu ne, sai ta kawo mini a ludayi kafin ta zuba wa yara.

"Ɗanɗana mini. Ka ji wani abu?"

Ni kuma in karɓa in kurɓa in ce, "Lafiya lau."

Safe, rana, da yamma. Shekara ɗaya da rabi, 'yan'uwa. Mutumin da ya zuba gubar shi ake kawo wa ludayi ya ce ko akwai guba.

Jikina bai bar ni ba. Ƙirjina ya fara zafi kamar an ajiye garwashi. Kifi ya daina wuce mini maƙogwaro, ni da aka haifa a gungu, tsibirin tsakiyar kogi, tun kafin ruwan dam ya ci garinmu. In kamo shi da hannuna, a dafa, in kai baki, zuciyata ta tashi. Na rame. Na je asibiti a Yelwa sau biyu, suka ba ni farin ruwan magani, suka ce in daina cin yaji. Ranar kasuwa na fara ratsewa gidan burukutu, abin da na bari tun kafin a yi mini baftisma. In an ce Lahadi mai zuwa akwai cin jibin Ubangiji a majami'a, wanda ba a kusantarsa da ɓoyayyen laifi, sai in ce koma ta maƙale a wani tsibiri, in bar gari tun da safe.

Yanzu bari in faɗi abin da matan nan suka yi, domin ta hannunsu Allah ya fara aikinsa, ni ina gefe ina kallo.

Da Inna Saratu ta samu ƙarfin tafiya, wata Talata sai ga ta a gidanmu da mata huɗu, kowacce da ɗaurin itace a ka, da daro cike da ɗanyen kifi. Biyu matan zumunta ne, biyu maƙwabtanmu Musulmi da suke banda tare tun dā. Rahila ta shige ɗaki. Inna Saratu ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Rahila, ba gaisuwa muka zo ba. Bandarki ta fi tamu faɗi, ta kuma fi kusa da ruwa. Aro muka zo. In ba ki so, fito ki kore mu."

Ba ta fito ba, su kuma suka kori kajin, suka share, suka hura wuta.

Talata ta gaba suka dawo. Haka suka mayar da ita gayya, kowace Talata a gidanmu. Ba su yi mata wa'azi ba, ba su ce ta yi haƙuri ba. Hirarsu suke yi, ta farashin gishiri, ta surukai, ta wadda mijinta ya sayi rediyo ba batir. A mako na uku wata ta ce, "Kai, ƙishirwa. Gidan nan ba a ba baƙo ruwa ne?" Rahila ta fito da ruwa a kwano. Ta koma.

Bayan wani lokaci Inna Saratu ta ɗaga wuƙa da hannunta mai rawa ta ce, "Ɗiyata, kin ga hannun nan ba ya riƙe kifi. In na yanke yatsa ke za a tambaya. Zo ki feɗe mini wanga." Rahila ta tsaya tana kallon hannun. Sannan ta zo ta durƙusa ta karɓi wuƙar. Na ga hawaye na ɗiga a kan kifin.

Daga feɗewa ta koma naɗe tarwaɗa tana soke ta da tsinke. Daga nan ta koma kula da wuta, domin duk cikinsu ba wadda ta kai ta sanin hayaƙi. Amma ba ta yarda a ɗaura mata ƙyalle ba. Kifin da ta yi sai a rarraba shi a kwandunan sauran, a ƙarƙashin nasu ƙyallen, in sun dawo kasuwa su kawo mata rabonta. Da wannan rabon aka yi wa Hannatu kayan makaranta a shekarar, domin ni abin da nake samu rabinsa yana tafiya gidan burukutu.

Wata ranar kasuwa, matan suka ba ni labari, Hajiya Kulu tana zazzage kwandon Inna Saratu sai ta ɗaga tarwaɗa ɗaya ta juya ta. Ta ce, "Saratu, yaushe hannunki ya koyi wannan naɗi? Ko da yana lafiya bai iya shi ba. Wannan aikin Rahila ne." Inna Saratu ta ce, "In nata ne fa?" Hajiya Kulu ta ɓalli tsoka ta sa a baki a tsakiyar kasuwa, tana taunawa tana kallon mutane. Ta ce, "Ku faɗa mata ta kawo da koren ƙyallenta. Ni ban taɓa ganin cin amana a kwandonta ba, ba zan yarda rana ɗaya ta shafe shekara goma ba."

Suka kawo wa Rahila saƙon da murna. Ina zaune ina ɗinkin koma, na ji amsarta. Ta ce, "Inna, na gode, ku gode mata. Amma in ban san abin da na yi ba, zan sake yinsa. Yanzu idonku na kaina. In na ɗaura ƙyallena, ni kaɗai ce."

Matan nan sun kai ta har bakin ƙofa. Sun dawo mata da aikinta, da dariyarta, da abin hannunta. Abu ɗaya ya rage da ba su da shi, yana bakina. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗinki.

A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don son karatu ba, don in sami wurin zama da ba gida ba. Ana yinsa ranar Alhamis da rana a gindin mangwaron da ke jikin majami'a, daidai lokacin da matan zumunta ke taronsu a ciki. Wata Alhamis malaminmu ya ce kowa ya rubuta sunayen mutanen gidansa. Ina kan rubuta na Rahila, na kai harafi na uku, sai na ji muryarta ta taga. Ita aka ba addu'a.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ubangiji, ka gafarta mini abin da hannuna ya yi wa Inna Saratu. Ka san ban yi da gangan ba. Ina roƙonka abu ɗaya, ka nuna mini inda na yi kuskure. Ko a mafarki ne, ko ta bakin wani. Na gaji da tsoron tukunyata."

Ko ta bakin wani. Na ajiye allon a ƙasa na tashi. Malam ya ce, "Bulus, ina zuwa?" Na wuce abina.

Na sauka bakin ruwa na kwance kwalekwalena, na tuƙa kaɗan har na wuce ciyayi, na ajiye filafili. Rana tsaka ce, ba kowa a kan ruwa. Na daɗe ban yi addu'ar kirki ba, ban san ta inda zan fara ba. Na ce, "Yesu, ka ji abin da ta roƙa. Ni ne bakin. Amma ina jin tsoro." Na lissafa masa tsoron ɗaya bayan ɗaya: za ta bar ni, 'ya'yan Inna Saratu za su kai ni gaban hukuma, ikilisiya za ta kore ni, maza za su ce ga wanda ya bar matarsa ta ɗauki kayansa. Na ce, "Ba ni da ƙarfin faɗi. In kana so a faɗa, sai ka ba ni."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da ya faru shi ne, da na gama lissafin sai na ga duk abin da nake tsoro na kaina ne, ba ko ɗaya na Rahila a ciki. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar babana. Da na ɗago, tsoron yana nan, amma ya daina riƙe mini ƙafa. Na tuƙo na fito, na wuce gonar wake, na tone gindin ƙiryar. Kwalbar tana nan, takardar jikinta ta ruɓe.

Na iso gida kafin rana ta faɗi. Rahila tana gaban murhu. Ta ɗebo miya a ludayi ta miƙo mini kamar kullum.

Na ce, "Ba zan ɗanɗana ba, Maman Hannatu."

"Mi ya faru? Ka ji wari?"

Na ajiye kwalbar a gabanta. Na faɗa mata duka, daga maganar zane har zuwa tsintsiya. Na ce, "Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Kifinki lafiya lau kika bar shi. Wutar ce ban hura ba."

Ta dubi kwalbar, ludayin na hannunta. Sannan ta ce, "Ranar da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

"Duk ludayin da na miƙo maka, ka sani?"

"Na sani."

Ta mayar da miyar cikin tukunya. Ta zuba wa yara abinci, ta jira suka ci, ta wanke kwanoni. Sannan ta goya ƙaramin, ta ɗauki zane biyu, ta tafi gidan Inna Saratu. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe na bi ta. Na tarar da matan gayya duk sun taru, labari ya riga ni. Na durƙusa a gaban Inna Saratu. Ta ɗaga hannunta na hagu daidai fuskata.

"Dubi."

"Ina gani, Inna."

"A'a, dubi da kyau. Da shi nake ɗaura zane, da shi nake ɗaukar jikana."

Na duba har ta sauke. Ta ce, "Wanga hannu na yafe shi tun ina kwance a Yelwa, ban ko san wa nake yafe wa ba. Ya wuce, 'ya'yana ma ba za su taɓa ka ba. Amma shekara ɗaya da rabi ta Rahila ba tawa ba ce, ba ni zan yafe ta ba. Kuma ba a ɗakina aka ɓata sunanta ba. A majami'a aka ɓata shi, da kasuwa. Can za ka je ka gyara."

Ranar Lahadi na tsaya a nan inda nake tsaye na faɗa. Dattawa suka sa ni horo wata shida, ina zama a bencin baya. Ranar kasuwar Wara kuma na je na tsaya kusa da rumfar Hajiya Kulu, inda ake sauke kwanduna, na faɗa da ƙarfi yadda fatake za su ji. Wasu suka yi tsaki, wata ta tofar da yawu. Hajiya Kulu ta ce, "Ka makara, mijin Rahila, amma ka zo." Ina barin wurin, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mini ba'ar zane ya biyo ni bayan rumfa. Ya ce a hankali, "Bulus, ashe abin nan yana kama mutum haka? Ni ma akwai kwalba a ɗakina." Na raka shi muka je muka binne ta.

Matan gayya suka yi shawara a tsakaninsu. Suka ce daga yau duk wadda tafiya ta kama, ba za ta bar wa miji kifi ba, 'yan'uwanta za su karɓi wutarta har ta dawo. Duk kwandon da zai je kasuwa kuma sai mutum biyu sun shinshina kafin a ɗaura ƙyalle. Ni kuma suka yanke mini hukuncinsu, wanda ya fi na dattawa tsawo: kowace Talata ni ne mai kawo itace, ni ne mai hura wuta, a fili, inda duk mai tasowa daga ruwa zai gan ni. Suka sa mini suna amaryar banda. Har yau in na makara sai wata ta ce, "Amarya ta tsaya kwalliya." Ina amsawa.

Rahila ta yi kusan wata guda a gidan Inna Saratu. Tana zuwa gayya a gidanmu ranar Talata, ta yi aikinta, in hura mata wuta, ba ta kalle ni ba, da yamma ta koma. Ban aika kowa biko ba. Wanda ya sa mutum jiran shekara ɗaya da rabi ba shi da bakin cewa a yi sauri. Na daina zuwa gidan burukutu, ba da wani ƙoƙari nawa ba, abin da nake zuwa kashewa a can ne ya riga ya fita.

Wata Talata da aka watse, sai Rahila ba ta bi su ba. Ta ɗauki tarwaɗa biyu daga banda, ta ɗora tukunya. Na zauna nesa kaɗan. Da miyar ta nuna ta ɗebo a ludayi. Saboda sabo sai na miƙa hannu. Ta kalli hannun nawa, ta kai ludayin bakinta, ta kurɓa. Ta ce, "Gishiri bai ji ba." Ta ƙara da kanta, ta juya, ta zuba wa kowa.

Ranar na ci kifi, ya wuce, na ƙara. Zafin ƙirjin nan ban sake jinsa ba. Haleluya!

Ana gobe kasuwa ta buɗe akwati ta fito da koren ƙyallen. Ya koɗe, ninkin ya bar layi a jikinsa. Hannatu ta ce, "Inna, ki yagi sabo mana." Rahila ta ce, "Wannan suka sani." Inna Saratu da wata suka shinshina kwandon, Rahila ta ɗaura da hannunta. Ni na ɗauka mata har jirgi.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Hannun Inna Saratu yana rawa, duk Lahadi ina ganinsa in ta ɗaga shi a waƙa. Rahila ta yafe mini, amma da kaɗan-kaɗan ta yi, kuma akwai fataken da har yau suke wuce kwandonta. Sai dai yanzu ita ke koya wa sababbin amare sanin hayaƙi, mata daga tungaye biyu suna zuwa gayyar Talata, in an ba ta addu'a kuma wasu take roƙa wa.

Ina gode wa Allah da bai bar kowa ya mutu ta hannuna ba. Ina gode masa saboda matan nan da suka ɗauko itace suka zo gidan da kowa ke gudu. Ina gode wa Yesu da ya amsa addu'ar matata ta bakin da ya fi kowane baki rashin cancanta.

Ɗan'uwana, in akwai abin da ka binne a gindin wani itace, wani kuma yana ɗauke da nauyinsa a gidanka, kada ka jira ka daina jin tsoro. Ni ban daina ba sai da na faɗa. Ka kai wa Ubangiji tsoron yadda yake, ka dogara gare shi, ka je ka tono. Zai riƙe ka, ya riƙe wanda ka cuta.

Ga Rahila can a layi na biyu, kusa da Inna Saratu. Kafin in karanta muku wannan na karanta mata, ta ce in faɗi wurin ludayi yadda yake, kada in rage. Ban rage ba. Sunan Ubangiji ya sami ɗaukaka. Amin.